Ƙararrawar Ƙafar Bala

Zuwa ga angona, Malam Nasiru.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka ka sauka lafiya, iska ba ta taso muku a tsakiyar ruwa ba, littattafanka ba su jiƙe ba. Allah Ya tsare ka a baƙon wuri, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Na cusa ta ƙarƙashin bandar kifi ne don na san halin mijina, ko me ka manta a jaka ba ka manta inda kifi yake.

Tunda yanzu kai ne mai tambayar yara, bari a fara tambayarka. Ga kacici-kacici. Yaro ne, shekara uku cur kullum shi ke fara isa makaranta, shi ke barin ta a ƙarshe. Bai taɓa makara ba, bai taɓa fashi ba ko ranar ruwan sama. Amma a shekarun nan uku malam bai kira sunansa ko sau ɗaya ba, bai kuma zauna a benci ba. Wane ne? Kada ka leƙa ƙarshen takarda, na san ka. In ka kasa sai ka ba ni gari, kuma ba na karɓar Shanga, Yelwa nake so har da kasuwarta.

Abin da ya sa na ɗauki biro, ga ido ya gaji, maganar da ka yi ce shekaranjiya muna cin tuwo. Ka dawo daga ganin makarantar da aka tura ka a ƙasar Ngaski, kana ba mu labari, wai azuzuwa uku ne, rufin ɗaya ya yaye, yara sun fi benci yawa. Sai ka ce a ajin da za a ba ka akwai wata yarinya kurma, Talatu, 'yar wani manomi Bakambare daga kan tudu, ubanta ke kawo ta da kansa kowace safiya. Ka ce da ka kama aiki za ka kira uban ka ba shi haƙuri, ya riƙe ta a gida har a samo mata gurbi a makarantar kurame ta birni, don kai ba a koya maka koyar da irinta ba, kuma za ta ɓata wa sauran lokaci. Na ce, "To." Ka ɗauka na yarda. Ban yarda ba. Baffanka Bala na zaune gefenka yana cire ƙaya, yana kallon bakinka kamar yadda ya saba, ban san nawa ya tsinta ba.

Na so in yi maka magana baki da baki, amma ni da kai ba mu iya zance ba sai tsiya. Da na fara za ka ce tsohuwa ta soma ruɗewa, ni kuma in ce ka biya ni kuɗin cefanen da kake bina tun kana rarrafe, a tashi ba a faɗi komai ba. Takarda ba ta dariya. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, wata shida na yi aka ce na gama.

Ka tashi ka tarar da Bala kurma, ka ɗauka haka aka haife shi. A'a. Da bakinsa, har ya fi ƙanensa Umaru, marigayi babanka, surutu. Yana da shekara huɗu sanƙarau ya shigo gungunmu, tsibirin da muke zaune tun kafin a datse kogi ruwa ya cinye shi. Ciwon ya ɗauki yara da dama. Ya bar min Bala, amma ya tafi da kunnuwansa, a hankali maganar ma ta bi su.

To ka san gungu, gabas ruwa, yamma ruwa. Kuma kafin Bala na riga na ba kogi ɗiya ɗaya, Kulu, tana tatata, na juya in ɗauki faifai ke nan. Mu a can yaro da murya ake kiwonsa. Ka gan shi ya nufi gaɓa ka daka masa tsawa ya dawo. Wanda ba ya jin tsawa fa? Sai na samo 'yar ƙararrawa irin wadda ake rataya wa akuya, na ɗaura masa a ƙafar hagu da igiyar fata, na yi ƙulli uku. Ina daka ina jin sa, ina wanki ina jin sa. In ƙarar ta yi nisa in ajiye taɓarya in bi. Duk gungu an san inda Bala yake, shi kaɗai bai san yana ƙara ba. Ya ɗauka laya ce.

Shekara biyar tana ƙafarsa. Ina gaya wa mutane don shi na yi, kuma ni ma na yarda da haka. Sai da na tsufa na gane don ni ce, don in samu in yi aikina hankali kwance. Duk abin da za ka yanke a kan yarinyar nan, Nasiru, ka tsaya ka tambayi kanka, sauƙin wa nake nema? In amsar ta zo da sunanka, ka sake tunani.

Yanzu ga wadda za ka yi dariya, na yarda ka yi. Wata rana dogarin hakimi ya ƙetaro ya ce kowane gida mai yara maza biyu ya ba da ɗaya a sa shi boko a makarantar da ke hayi, wancan gefen kogi. A zamanin ba a murna da wannan, ɓoye yara ake yi cikin rumbu. Kakanka Mamman ya zauna ya rafka tagumi, ya ce in aka ɗauke Umaru wa zai gaje shi jirgi? Ni kuwa ka san kaina da dabara. Na ce, "Mi ad da wuya? Yaro ɗaya suka ce, ba su ce mai ji ba." Na wanke Bala, na shafa masa mai, na miƙa wa dogari. Na yi ta dariya ni kaɗai ina cewa na yi wa hukuma wayo.

Kwana uku sai ga malamin da kansa a bakin gaɓarmu, ya naɗe wando, takalmi a hannu. Malam Audu sunansa, siriri, ya ɗan girme ka kaɗan. Ya gaishe ni har ƙasa, sannan ya ce, "Inna, wagga dabara taki ta yi kyau, amma ta ci ki. Na karɓi wanda kika ba ni, ba ni maido shi. Sai dai ki ƙaro min ƙanen."

Na ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Ɗaya aka ce."

Ya ce, "Ke ma ɗaya aka ce miki, kika zaɓo wanda kike ganin ba asara."

Na yi wa hukuma wayo, na tashi ba yaro ko ɗaya a gida. Amma maganarsa ta ƙarshe ita ce ta zauna min, don gaskiya ce. Na auna 'ya'yana biyu, na ga ɗaya ya fi araha. Kai ma da ka ce za ta ɓata wa sauran lokaci, awon nan ka yi. Ban zarge ka ba, a wurina ka gada.

Ka san abin da Malam Audu ya gani? Ba wani karatu ya yi a kan kurame ba, shi ma ba a koya masa ba. Tsayawa ya yi a gaɓa ya kalli masu jefa birgi, ragar nan ta kama kifi. Kai ɗan masunta ne ko da yake biro ya lalata maka hannu, ka san in mutum biyu suka fita jifa ba a magana. Na gaba na tsaye da birgi a kafaɗa, idonsa a ruwa. Na baya na riƙe da filafili yana tuƙi. Da hannu ɗaya na gaba ke tuƙa na baya, ya sa shi a bayansa ya nuna dama, hagu, tsaya, matsa a hankali. Wanda ya buɗe baki ya kori kifi, ya sha zagi. Duk namijin gungu ya iya wannan maganar hannu tun yana yaro, kuma a kanta Bala da Umaru suka gina tasu, har suna iya gulmata ina zaune ban sani ba. Malam ya gan su suna yi, ya ce to ai ga hanya.

Ya zaunar da su benci ɗaya a gaba, gefen taga inda haske ke faɗa wa fuskarsa. Ya daina magana yana fuskantar allo, sai ya juyo. In zai kira aji ya buga ƙafa a ƙasa ko ya ɗaga hannu. Abin da ya faɗa Umaru ya nuna, abin da ya rubuta Bala ya kwafa. Lissafi kuwa da duwatsu da ƙashin kifi, Bala ya riga kowa. Babanka ya sha gaya min, yana babba yana aikin akawu, cewa duk karatun da ya zauna masa a kai wanda ya nuna wa Bala da hannu ne, don ba ka iya nuna abin da ba ka gane ba. Sauran yara ma suka kama, har Malam ya riƙa kama su suna satar amsa da yatsu daga wannan bango zuwa wancan.

Wata biyar aka yi haka. Ban taɓa ganin Bala yana tashi da sauri irin na watannin nan ba.

Sai ƙararrawa. Yaro ba ya zama ƙafa shiru, ya motsa ta yi ƙara, aji ya fashe da dariya. A filin wasa wasu suka fara bin sa suna kukan akuya. Shi yana ganin bakuna a buɗe ya ɗauka wasa ne, yana taya su dariya, har ranar da Umaru ya gaji da dambe a kansa ya nuna masa da hannu abin da ake yi. Ya dawo gida ya zauna gabana, ya miƙo ƙafar, yana kallona. Na kau da kai na ci gaba da tsince shinkafa.

Malam Audu ya sake ƙetarowa. Ya ce, "Inna, abu ɗaya na zo roƙo. Ki kwance ƙararrawar, ki bar min yaron. Masu tsokana ni na san maganinsu."

Na ce, "In ya faɗa ruwa, kai za ka ji?"

Ya ce, "A aji ba ruwa."

Na ce, "Tsakanin nan da aji fa? Tudu ne?"

Ya ce to a kwance ta a ƙofar aji a mayar in an tashi. Na ce ƙullina ba mai taɓa shi. Gaskiyar magana, a safiyar ranar wata mata ta tare ni wurin wanki ta ce, "A'i, an ce ɗan akuyarki ya iya abacada?" Mata suka yi dariya. Da wannan zafin na tari Malam. Na ce tunda yarona ya zama abin wasa, ya zauna gida, ga Umaru nan ku riƙe, dama ɗaya kuka ce. Ya ce, "Ba ni goge sunansa." Ya shiga jirgi ya tafi.

Ka ga, an ba ni zaɓi tsakanin igiya da makaranta, na zaɓi igiya. In ka ga ana tsokanar Talatu, kuma za a yi, kada ka ce maganin shi ne ta tafi. Ba ita ta yi laifi ba. Ka nemo abin da ake dariya a kai ka gyara, ka kama masu yi ka ba su aikin zama kusa da ita har su iya gaishe ta da hannu. Kuma in uwarta ta zo maka da zafi kamar yadda na yi, ka sani ba kai take faɗa da shi ba, wata ce ta faɗa mata magana a bakin rijiya. Ka bari ta huce ka koma. Malam Audu sau biyu ya zo. Da ya zo na uku, wallahi ina jin da na ba shi.

Ka san wa ya kwance ta a ƙarshe? Kakanka. Da ya ga yaro na zaune banza sai ya ɗauke shi jifa ya riƙe masa filafili. Suka lallaɓa kan kifi, Bala ya gyara zama, ƙararrawa ta yi ƙara, ruwa ya watse. Mamman ko juyowa sosai bai yi ba, ya zaro wuƙa ya yanke igiyar ya jefa a kogi. Suka dawo da jirgi cike da ƙarfasa, ƙafa ba komai. Abin da malami ya roƙa da takalmi a hannu na hana, kifi ya karɓa ba sallama.

Za ka ce to ai sai ya koma aji. Kafin nan an ɗauke Malam Audu an kai shi wani gari. Wanda ya gaje shi ya buɗe sabuwar rajista, ya rubuta waɗanda ya tarar a zaune. Umaru ya tambaye shi, ya ce shi bai ga sunan wani Bala ba, in uwarsa na so ta zo da kanta. Jirgi na nan, kogi bai fi kiran sallah biyu faɗi ba. Ban je ba. Kunya nake ji a ce A'i da ta yi cika baki ta dawo roƙo. Kullum in ce gobe, har goben ta ƙare. Don haka kada ka zauna jiran iyaye su zo maka. Uban Talatu da ke hawa da sauka da ita kowace safiya ya riga ya yi abin da na kasa. In ka kira shi ka ba shi haƙurin nan naka, zai ce to, ya yi godiya, ya tafi, kuma ba za ka sake ganinsu ba. Mutanen tudu ba su roƙo sau biyu.

Akwai wani laifin kuma, a kan babanka. Na mai da shi kunnen Bala da bakinsa. Baƙo ya zo, Umaru faɗa masa. Bala ya ɓace, Umaru ya sha duka. Yaro ɗan shekara bakwai na ɗora masa wansa a ka. Yana son sa, amma akwai ranar da ya ce min, "Inna, ni ma ina so in yi wasa ba ina fassara ba." Na ce ya rufe min baki. To kai kada ka liƙa wa yaro ɗaya Talatu don ya fi haƙuri. Wannan mako wannan, wani mako wancan, har ajin duka su iya. Kuma kada ka lallaɓa ta kamar ƙwai. In ta yi daidai ka nuna mata, in ta yi wasa da aiki ka ɗaure mata fuska kamar kowa. Ka yi mata tambaya a gaban aji, ka jira ta amsa, ko da sauran sun ƙosa. Ni ban taɓa jiran Bala ya gama nuna abu ba, kullum na riga shi in ce na gane.

Ban ce makarantar kurame ba ta da amfani ba. In gurbin ya samu, kuma iyayenta sun yarda ta yi nisa, Allah Ya sa alheri. Amma tun da aka ba mu sabuwar jihar nan nake jin za a yi, za a kawo, kuma ka fi ni sanin yadda takarda ke tafiya daga Ngaski zuwa Birnin Kebbi. Kafin ta dawo yarinya ta isa ɗaukar tulu, an ce ta wuce shiga aji ɗaya. Ta jira gurbin tana kan bencinka.

Ka tuna kana aji uku ka tsaya bakin jirgin Baffanka kana dariya, wai an rubuta BALA amma harafi na uku ya juya baya? Ka ce bari ka gyara masa, ya riƙe hannunka. Shi ya rubuta da kansa. Abin da ya fito da shi ke nan daga wata biyar, sunansa da lambobi. Duk jirgin da ya saya sai ya sake rubutawa, kuma kullum harafin a juye, don ranar da za a gyara masa ba ta zo ba. Yau mutum ne, da jirginsa mai inji da iyalinsa, ba wanda ya fi shi sanin inda kututturan itace suke ƙarƙashin tafkin nan. Amma in aka kawo takarda daga makarantar 'ya'yansa, sai ya kawo min, ni mai wata shida, ya zauna yana kallon bakina.

Ka ce ba a koya maka ba. Gaskiya ne. To ga malami kyauta, yana zuwa gaɓarku duk ranar kasuwa. Ka sauko ka zauna cikin jirginsa, ka nuna masa kana da ɗaliba irinsa, ka ga abin da zai yi. Ka hau tudu ka ga yadda ake magana da ita a gidansu, don kowane gida da tasu alamar. Ka aske gashin bakin nan da kake tarawa don 'yan mata, yana rufe maka leɓe, ba wanda zai karanta komai a ciki, kuma dama bai yi maka kyau ba.

Na gaji, angona. Kwana biyu nake rubutun nan, biro ya mutu sau ɗaya. Ban taɓa ba Bala haƙuri ba, ban san alamar da ake yi ba, kuma ina jin kunyar in tambaye shi. Kai dai ka rubuta sunan yarinyar nan a rajista ranar farko, da biro, ka kira shi kowace safiya kana kallonta har ta ɗaga hannu.

Allah Ya kiyaye ka daga sharrin ruwa da na tudu, da sauro, da bakin mutane. Allah Ya ba ka haƙuri da 'ya'yan jama'a, Ya sa albarka a allinka, Ya jiƙan Umaru, Ya dawo min da kai lafiya in ga ko ka yi ƙiba. Ka gai da hedimasta, ka gai da uban Talatu ka ce wata tsohuwa a Yelwa na gaishe shi. Kada ka cinye kifin rana ɗaya.

Taka har kullum, uwargidanka,
A'i.

Amsar kacici-kacici: Baffanka Bala ne. Bayan an yanke ƙararrawa, shi aka ba jirgin kai yaran gungu makaranta. Ya sauke su, ya ɗaure jirgi, ya zauna ƙarƙashin tagar ajin Umaru har a tashi, sannan ya kwaso su ya dawo da su. Shekara uku.